Littafi ne da gaskiya ko jagora? Amsa ga mai jan wasan Dungeons & Dragons a Jidda

"Assalamu alaikum. Malam, mu shida ne a nan Jidda, duk ranar Alhamis bayan sallar Isha'i mukan haɗu mu buga Dungeons & Dragons, ni nake jan wasan. Yanzu gardama ta fi wasan yawa. Na shirya musu tafiyar hamada, su biyar za su raka ayari, ina son ƙishirwa ta zama abin tsoro. Sai wani abokinmu da ya haddace littafi ya ce jaruminsa zai yi sihirin samar da ruwa. Na ce a wannan hamadar ba ya ci, ya buɗe littafi ya ce in nuna masa inda aka rubuta haka. Wani kuma ya jefa ƙwaya ta ba shi 20, ya ce dole sarki ya ba shi 'yarsa da rabin gari, na hana, ya yi fushi. Akwai mai cewa shi faɗa kawai ya zo yi, akwai mai son a yi ta hira da mutanen kasuwa har asuba. Wa ke da gaskiya, littafi ko jagora? Kuma in sallami mai haddar nan ne?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In na fahimce ka, abu uku ne ke damunka: wanda zai yanke hukunci in littafi da jagora suka saɓa, yadda za a zauna da mutanen da kowa da abin da ya kawo shi, da kuma makomar mai hadda. A batun ruwa abokinka ne da gaskiya. A batun sarki kai ne da gaskiya. Dalilin duka biyun guda ne, zan zo kansa. Mai hadda kuwa kada ka sallame shi tukuna.

Saboda masu karatun da ba su san wasan ba: zama ake yi a kewaye tebur ko a kan darduma. Mutum ɗaya, jagora, shi ke bayyana duniyar da ake ciki, garuruwanta da mutanenta da dodanninta. Sauran kowa yana riƙe da jarumi ɗaya da takardar da ke ɗauke da ƙarfinsa da dabararsa. In jarumi ya so yin abin da zai iya yiwuwa ko ya ƙi, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo amma mai fuska 20, a haɗa abin da ta bayar da lambar da ke kan takarda. In jimillar ta kai adadin da jagora ya sa, an dace.

Gardamar ta girme mu

Ba a teburinku aka fara wannan rigima ba. Tun a wasan yaƙi da hafsoshin Furusiya, a ƙasar Jamus ta yau, suke koyon dabarun yaƙi da shi aka yi ta. Tsarin da wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar a 1824 yana da alƙali da ƙwayoyi da dokoki masu yawa, har wasan ya riƙa cin lokaci. A 1876 wani hafsan, Verdy du Vernois, ya kawo shawarar a rage dokokin a bar gogaggen alƙali ya yanke da saninsa. Daga wannan zuriyar ta wasannin yaƙi Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka a 1974, ƙananan littattafai uku a cikin kwali, masu giɓi ko'ina, kowane jagora yana cike giɓin da abin da ya ga dama. Tsakanin 1977 da 1979 Gygax ya fitar da bugu mai tsauri, yana son a riƙa buga wasan iri ɗaya a ko'ina, musamman a gasa. Bugu na uku a 2000 ya sa wa kusan kowane motsi doka. Na huɗu a 2008 ya karkata ga faɗa a kan taswira mai gida-gida, har waɗanda ba su gamsu ba da yawa suka koma wani wasa makamancinsa, Pathfinder, da ya fito a 2009. Na biyar a 2014, wanda nake zaton shi ke hannunku, da gangan ya mayar wa jagora da wani kaso na ikon yanke hukunci.

Saboda haka in ka ce jagora ne ke da magana ta ƙarshe, ba ka yi ƙarya ba, littafin da kansa ya ba ka wannan. Sai dai samun magana ta ƙarshe bai nuna lokacin da ya kamata a faɗe ta ba, kuma a nan ne yawancin tebura ke watsewa.

Ruwan nan

Mai wasa yana yanke shawara ne bisa abin da ya sani kafin ya jefa ƙwaya. Abokinka ya ji za a shiga hamada, ya zauna ya zaɓi sihirin ruwa cikin 'yan kaɗan da jaruminsa zai iya tanada, ya bar wani saboda shi. Wato ya biya kuɗin abin tun kafin a tashi. Da ka ce masa ba ya ci a daidai lokacin da ya miƙa hannu, abin da ya ji shi ne duk tanadin da zai yi nan gaba za a iya soke shi in ya ɓata maka shiri. Mutumin da ya ji haka dole ya rungumi littafi, domin shi kaɗai ya rage masa abin dogaro. Na sha ganin jagororin da ke kukan masu hadda, in ka bincika sai ka tarar hukuncin bazata ne ya mai da su haka.

Abin da ya fi ba ni takaici a irin wannan shi ne, ƙishirwar da kake nema tana nan cikin dokar da ka tsallake. A bugun 2014 mutum yana buƙatar galan ɗaya na ruwa a rana, biyu in ana zafi. Sihirin nan a mataki na farko galan 10 yake bayarwa, kimanin lita 38. Su biyar a cikin zafi, ya ishe su daidai, ba ragi ko ɗigo. To raƙuman fa? Babbar dabba ninki huɗu na mutum take sha. 'Yan ayarin da suka ɗauko su rakiya fa, da matansu da yaransu? Jarumi ɗan matakin farko sau biyu kawai zai iya yin irin wannan sihiri kafin ya yi dogon hutu, wato hutun da ke dawo masa da sihirinsa, kuma duk wanda ya kashe a kan ruwa ba zai same shi da dare ba in 'yan fashi suka sari wani ana neman mai warkarwa. Wanda ya sha rabin buƙatarsa sai ya jefa ƙwaya ya kai 15 ko gajiya ta hau shi mataki ɗaya, wanda ya sha ƙasa da rabi tana hawansa ba tare da jifa ba, kuma mataki na shida mutuwa ne. Da ka ce masa "ya ci, ga galan goma a gabanku, ga mutum arba'in suna kallonku, wa zai sha?" da ka samu daren da za su daɗe suna tunawa, kuma shi mai hadda da kansa zai taya ka lissafin.

Akwai wata hanyar ma. An gina bugun 2014 ne bisa zaton jarumai za su yi karo shida zuwa takwas kafin su yi dogon hutu, amma a doguwar tafiya da ƙyar ake yin ɗaya a rana, shi ya sa masu sihiri ke wayar gari kullum a cike. Littafin jagora ya ba da zaɓin da ke mai da gajeren hutu awa 8, dogon hutu kuma kwana 7. In ka sa wannan a tafiyar hamada, sihirin ruwa ya zama abin da ake tattalinsa, ba famfo ba.

In kuwa lallai kana son hamadar da sihirin ruwa ba ya ci a cikinta, haƙƙinka ne, duniyar taka ce. Amma faɗa musu a bakin rijiya ta ƙarshe. Sa madugu ya tara su ya ce in an wuce baƙin dutsen can ruwan sihiri yashi yake zama, kowa ya cika salkarsa. Hukuncin ɗaya ne, sai dai yanzu suna da abin yi a kansa: su ƙara salkuna, su sayi raƙumi, su nemi wata hanya, ko su yi kasada da idonsu a buɗe.

Sarki da lamba 20

A nan littafi yana bayanka. A bugun 2014, ƙwaya in ta faɗi a 20 tana tabbatar da sara ko harbi ya samu abokin gaba, amma ba ta tabbatar da nasara a lallashi ko hawa katanga ko wani gwaji na dabara. Tebura da yawa suna yin nasu tsarin cewa 20 nasara ce a komai, kuma wanda ya saba kallon wasannin da ake ɗorawa a YouTube yana iya ɗauka haka dokar take. Ka tuna 20 tana fitowa sau ɗaya cikin ashirin, kashi 5 cikin ɗari. A dare guda mutum biyar suna jifa ba adadi, za ta fito ba sau ɗaya ba. In kowace 20 tana raba sarki da rabin garinsa, ba garin da zai kai wata.

Inda aka samu tangarɗa shi ne ka bar shi ya jefa. Jifa alkawari ne cewa abin zai iya yiwuwa. In ba zai yiwu ba, ka tare hannunsa ka ce sarki ba zai ba ka 'yarsa ba ko me ka faɗa, amma za ka iya jefawa mu ga yadda zai ɗauki wannan ƙarfin halin. Sai 20 ta zama sarki ya yi dariya, ya sa a ba shi alkyabba da doki, ya ce in ya kawo kan dodon da ya tare hanyar gishiri a sake magana. Ƙaramar lamba kuma ta zama dogarai sun fitar da shi ta ƙofar baya. Ya ci ribar sa'arsa, fada kuma tana nan da kwarjininta.

Yadda nake yi a nawa teburin

Kafin kowace jifa mai muhimmanci ina faɗar abu uku a fili: adadin da ake nema, abin da za a samu, da abin da za a rasa. Littafi ya ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa, 10 abu mai sauƙi, 15 matsakaici, 20 mai wuya, 30 kusan ba ya yiwuwa.

Wani dare muna kan darduma, ƙwallayen dabino ne dogarai a kan takardar taswira, kofin shayi shi ne rijiyar tsakiyar kasuwa. Wani ƙaninmu mai riƙe da jarumi ɓarawo ya ce zai hau ya yanke igiyar rumfa ta rufto wa dogarai uku. Ba shafin da ya yi maganar rumfa. Na ce masa adadi 15, kana da ƙarin 3, ke nan kana neman 12 zuwa sama. In ka dace, su ukun sun rasa zagaye guda suna fama da tabarma. In ka faɗi, kana reto a sama kowa na ganinka, kuma masu baka za su same ka a sauƙaƙe. Ya yi shiru yana juya ƙwayar a tafin hannu. Sai na kusa da shi ya ce nasa jarumin zai bar faɗan ya riƙe masa tsani. Taimako irin wannan yana ba da damar jefa ƙwaya biyu a ɗauki babbar, abin da ya ɗaga sa'arsa daga kashi 45 zuwa kusan 70 cikin ɗari. Ya jefa a tsakiyar darduma, 4 da 9. Aka kwashe da salati da dariya, amma ba wanda ya ce a buɗe littafi, domin shi ya sayi kasadar da farashinta a rubuce.

Shi ya sa ma ba na jifa a ɓoye in rai ne a kan layi. Na san jagorori nagari da ke sauya lamba a bayan allon da ke ɓoye jifarsu don su ceci jarumi, kuma niyyarsu alheri ce. Ni dai ban yarda da shi ba. Ranar da 'yan wasa suka gane, duk nasarar da suka taɓa yi sai ta zama abin shakka a wurinsu.

In gardama ta tashi duk da haka, mai ƙorafi yana da kamar minti ɗaya ya faɗi hujjarsa. In an ga shafin nan take, a bi shi. In ba a gani ba, in yanke, kuma in abin ya rikice nakan karkata ga ɗan wasa. A rubuta a gefe, a ci gaba. Cikin mako a duba a tattauna a zaurenmu na WhatsApp, abin da aka tsayar ya shiga takardar dokokin gida, daga nan ya hau kan kowa har da dodannina. Ba ma komawa baya mu sake buga abin da ya wuce. Kamar ludo ne, kowane gida da yadda yake yi da wanda ya jefa shida sau uku a jere, kuma ba a faɗa a kai sai in ba a faɗa ba kafin a fara.

Abu biyu kuma na lura suna hura wutar a tsakaninmu a nan. Littattafan da Turanci suke, mu kuma Hausa muke yi a tebur ana surkawa da Larabci, sai wanda ya fi Turanci ya zama shi kaɗai ke da mabuɗin doka, sauran suna jin an yi musu wayo ko da ba a yi ba. Takardar dokokin gida shafi ɗaya da Hausa tana rage wannan sosai. Na biyu, ku tabbatar bugu ɗaya kuke karantawa. An sake fitar da dokokin a 2024 da gyare-gyare, ita kanta dokar gajiya ta sauya, kuma wanda ya duba intanet a waya yana iya karanto sabuwar alhali kai tsohuwar ce a hannunka. Kowa na da gaskiya, kowa na rantsuwa.

Kowa da abin da ya kawo shi

Wannan ya fi batun doka wuyar magani. Littafin ya ce wasan a kan ginshiƙi uku yake, bincike da mu'amala da faɗa, amma bai ce kowa zai so su daidai ba. Mai son faɗa ya yini a wurin aiki ana ba shi umarni, yana son awa ɗaya da zai ga dabararsa ta yi aiki a fili. Mai son hira yana son jaruminsa ya zama mutum mai dangi da bashi da abokan gaba. Ba wanda ya fi wani iya wasa a cikinsu, kuma jagoran da ya fara raina ɗaya a zuciyarsa za a gani a hukuncinsa.

Raba dare gida-gida, awa ɗaya hira awa ɗaya faɗa, yana taimakawa kaɗan, amma sai ka ga rabin tebur yana danna waya yana jiran nasa lokacin. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne in ɗaure su da igiya ɗaya. Hirar kasuwa ta zama ita ke fito da labarin inda 'yan fashi ke kwana da yawan bakansu, sai mai son faɗa ya kasa kunne domin ribarsa ce. Faɗan kuma ya kasance akwai wanda za a kama da rai a yi masa tambaya, ko yaron madugu da za a fitar daga tsakiya, sai mai son labari ya samu abin da zai damu da shi. In hira ta yi tsawo ba ta zuwa ko'ina, ina da ikon cewa rana ta faɗi, an rufe kasuwa.

Ka kuma sa ido a kan wanda ba ya gardama. Mu mutane ne masu kara. Wanda wasan ya gundura ba zai ce maka ya gundure shi ba, musamman in ka girme shi ko a gidanka ake zama. Zai ce aiki ya riƙe shi, mako biyu, uku, shi ke nan. Haka in ƙarami ne jagora, yana jin nauyin yanke wa yayansa hukunci, sai ya riƙa sassauta masa sauran suna gani. Maganin wannan a faɗe shi a baki tun farko, babban ya ce da kansa a gaban kowa cewa a kan darduma hukuncin jagora ya hau kansa.

Don haka shawarata, Alhamis mai zuwa kada ku buga. Ku zauna da shayi kowa ya faɗi daren da ya fi jin daɗi tun da kuka fara da dalilinsa. Ku tsayar da ko jarumi zai iya mutuwa, ko 20 tana da wata daraja a wajen faɗa, ko za a riƙa lissafin ruwa da kibau. A wannan zaman ne kuma ake maganar abin da ya shafi addini, domin wani yana da damuwa da sihiri da gumakan da ke cikin littafin amma yana jin kunyar faɗa. A nawa teburin mun cire gumakan gaba ɗaya, ba a sa ko riyal ɗaya a kan jifa, kuma ba a fara wasa sai an yi salla. Hukuncin wasa da ƙwaya kansa ba fagena ba ne. Akwai hadisi a Sahihu Muslim game da nardi, wani tsohon wasa da ake yi da ƙwaya, malamai sun yi bayani a kansa, wanda abin ya tsaya masa a rai ya je ya kwatanta wa malamin da ya amince da shi yadda wasan yake, kuma in ya ce ya daina kada a matsa masa.

Mai hadda

Ba shi aiki. Ka ce daga yau shi ne mai duba doka na tebur, in an yi tambaya shi zai buɗe littafi yayin da kake ci gaba da labari, da sharaɗin zai faɗi doka ko da a kansa za ta faɗa. Nan za ka gane ko wane iri ne. Mai son a yi daidai zai tuna maka cewa jaruminsa ne ya kamata ya sha sara, kuma irin wannan dukiya ne ga jagora. Wanda ba ya tuna doka sai in za ta amfane shi, matsalarsa ba ta littafi ba ce, sai ka same shi ku biyu, ba a gaban jama'a ba. Ka fara da ba shi gaskiyarsa a batun ruwa, zai fi saurarenka a sauran.

Ban zauna a teburinku ba, ɓangare ɗaya na ji, kuma akwai tebur da duk wannan ba ya gyara shi domin mutanen wasa biyu daban suke so. In haka ne, sauya wasan ya fi sauya mutane sauƙi. Masu son doka ta fayyace komai za su ji daɗin bugu na biyu na Pathfinder da ya fito a 2019. Masu son labari ya yi ta gudu akwai wasannin da suka bi tsarin Apocalypse World na 2010, inda ake jefa ƙwaya biyu masu fuska shida: 10 zuwa sama nasara, 6 zuwa ƙasa matsala, 7 zuwa 9 kuma ka samu amma da tsada, kuma wannan na tsakiyar yana fitowa sau 15 cikin 36 in ba ƙari. Ku gwada dare ɗaya na kowanne da sababbin jarumai, ku bar ayarinku a bakin rijiya har ku dawo. Kuma a ɗaya daga cikin dararen nan ka miƙa wa mai hadda jagorancin, kai ka riƙe jarumi.